Kurakuran masu raka mawaƙa da fiyano a Sakkwato

Babban kuskuren da ake yi shi ne danne muryar mawaƙi. Ka shiga ɗakin biki a cikin gari, mai kibod ya ƙure lasifika, yatsu na ta gudu, mawaƙiya kuwa jijiyar wuya ta tashi, ba a jin ko kalma ɗaya. Ai ko a kiɗan fada, 'yan amshi ba su rufe bakin ubangidansu. Abin da ya sa Bartolomeo Cristofori ya ƙera fiyano a Italiya wajen shekarar 1700 shi ne makaɗi ya iya sassautawa ko ƙarfafawa da nauyin yatsansa. Saboda haka rage hannun hagu, shi ne ke cika wuri. Ka sa wani ya tsaya can bayan ɗaki lokacin gwaji ya gaya maka gaskiya.

Sai rashin sauraren numfashi. Mawaƙi zai ja iska, kai kuma ka wuce ka bar shi. Gerald Moore, ɗan Ingila da ya rasu a 1987, a raka mawaƙa ya yi suna, cikinsu har da Dietrich Fischer-Dieskau na Jamus. Irin wannan aiki sai ka san kalmomin waƙar kamar kai za ka rera. Karɓi baitocin tun kafin ranar, ka sa alama da fensir duk inda za a numfasa, kuma ka riƙa duban kafaɗar mawaƙi.

Akwai masu iya kiɗa a ki ɗaya tak, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, sauran sai maɓallin sauya murya na kibod. Ranar da aka zaunar da su gaban fiyanon katako mai maɓalli 88, babu abin latsawa, sai zufa. Ɗauki waƙa guda ka bi da ita duka ki 12, a hankali.

Fedar dama ma, wadda ake takawa don sauti ya daɗe, ba wurin ajiye ƙafa ba ce. Ɗaga ta duk lokacin da sauti ya canza, in ba haka ba kiɗan ya dagule.

Kayan kuma suna shan wahala a nan. Bushewar hunturu kan sa fiyanon katako ya saki sauti, ƙura kuma ta shige ƙarƙashin maɓallan kibod har wasu su daina amsawa. Rufe shi da zane mai kauri, kada ka bar shi cikin mota a zafin Afrilu, kuma kada ka jona shi da janareta kai tsaye babu sitabilaiza.