Yadda Ake Samun Ruwan Sha daga Ruwan Teku da Zafin Rana

Tun bayan fashewar madatsar Arba'at, wadda ke ba birnin Bur Sudan na ƙasar Sudan ruwa, a watan Agustan 2024, ƙarancin ruwan sha ya ƙara tsananta a Bur Sudan da ƙauyukan gaɓar Bahar Maliya, har da unguwannin da 'yan uwanmu Hausawa suke zaune. Kowace lita ta ruwan wannan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 40, amma zafin rana yana iya raba gishirin da ruwan.

A haɗa akwati mai faɗi marar zurfi, a shimfiɗa baƙar roba mai tsabta a cikinsa domin ta riƙe zafi, sannan a zuba ruwan gishiri, kada zurfinsa ya wuce santimita 3, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi. A rufe da gilashi a karkace, ta yadda tururin da ya tashi zai taru a jikinsa ya koma ruwa, ya gangara cikin ƙaramin indararo zuwa jarka, gishirin kuma ya zauna a ƙasa.

A ganina, toshe gefuna ne aikin da ya fi muhimmanci, kuma a nan ne ake yawan sakaci, alhali ƙaramar kafa ta isa ta zubar da tururin yini guda. A liƙe ko'ina sosai.

Akwatin da tsawonsa da faɗinsa suka kai mita ɗaya yakan ba da lita 3 zuwa 4 a yini, saboda haka gida mai iyali yana buƙatar akwatuna da dama. A riƙa goge ƙurar gilashin kowace safiya, a kuma wanke gishirin da ya daskare duk mako.