Yadda na gyara takardar kuɗin da inshora ta ƙi biya

A asibitin da nake aiki a Amurka, kamfanin inshora ya mayar mana da takardar neman kuɗin wata majinyaciya da aka yi wa ƙarin fotasiyam, wani sinadari da jiki ke buƙata. Da na bincika, sai na ga likita ya rubuta sakamakon gwajin jini kawai, wato 3.1, alhali ƙa'ida ba ta yarda a sanya lambar cuta, wato lambar da ke wakiltar cutar a takardar neman kuɗi, daga sakamakon gwaji kaɗai ba, ko da ya gaza 3.5, wato mafi ƙarancin adadin fotasiyam da ake so a samu a jini. Na koma wurinsa, ya rubuta ƙarara cewa ƙarancin fotasiyam ne, kuma maganin furosemide, mai sa yawan fitsari, ne ya jawo shi. Na sanya E87.6, lambar ƙarancin fotasiyam, a farko, T50.1X5A, lambar illar irin wannan magani, ta biyo baya, aka biya kuɗin.