Kafin ka ɗauki mota ka nufi tsaunukan Amurka

Wanda ya shekara a Amurka yana aiki ba dare ba rana, wata rana sai ya ga hoton abokin aikinsa a gaban wani dutse mai farin kai, ransa ya biya. Ba laifi ba ne. Gandayen dajin ƙasar nan abin kallo ne na gaske, kuma gwamnati ta daɗe tana kula da su: tun 1872 aka keɓe Yellowstone, hukumar da ke riƙe da su kuwa an kafa ta a 1916. Mu dai mutanenmu ba mu cika leƙa su ba, hutunmu ko ziyarar gida ko bikin wani a wata jiha. To idan kai ka yi niyya, ga abin da nake gaya wa duk sabon zuwan da ya nemi shawarata.

Yawanci mutum yakan buɗe taswira a waya, ya ga gandu huɗu a jere daga kudu zuwa arewa: Rocky Mountain a Kolorado, Grand Teton da Yellowstone a Wayomin, sai Glacier can ƙurya a Montana. Sai ya ce mako guda ya isa ya zagaye su duka. Bai isa ba, ɗan'uwa. Daga Denver zuwa Estes Park, ƙofar Rocky Mountain ta gabas, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Amma daga nan zuwa Jackson, gindin Grand Teton, wuni guda ne cur a kan sitiyari, wajen awa takwas. Daga Yellowstone zuwa Glacier ma wani wunin ne. A cikin Yellowstone kanta babbar hanyar da ta kewaye gandun ta haura kilomita 220, iyakar gudun da aka yarda mil 45 ne a awa, wani wurin ma bai kai ba, kuma ɓauna ɗaya idan ta ga dama ta tsaya a tsakiyar titi, motoci hamsin sai sun jira ta. Idan mako ɗaya gare ka, zaɓi Rocky Mountain kaɗai, ko ka haɗa Grand Teton da Yellowstone tunda maƙwabta ne. Glacier tafiyarta daban ce.

Taswira nisa kawai take nunawa. Abu biyu da suka fi nisa muhimmanci, wato watan da za ka je da tsayin da za ka hau, ba ta nuna su. Fara da wata. Hanyar Trail Ridge da ta ratsa Rocky Mountain daga Estes Park zuwa Grand Lake ba ta buɗewa sai ƙarshen Mayu, kuma wajen tsakiyar Oktoba dusar ƙanƙara ta sake rufe ta. Going-to-the-Sun ta Glacier ta fi ta jinkiri, sau da yawa sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli ake gama kwashe ƙanƙarar Logan Pass, wato ƙololuwar hanyar. Wanda ya ɗauki hutu a Afrilu don ya ga zafi ya fara a Texas ko Maryland, zai je ya tarar da ƙofar hanyoyin nan a garƙame. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta komai a buɗe yake, sai dai cunkoso da tsada. Ni na fi son makonnin farko na Satumba: yara sun koma makaranta, hanya ta yi sauƙi, sai dai daren akwai sanyi mai shiga ƙashi.

Yanzu maganar tsayi, kuma a nan zan ɗan daɗe domin ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Denver kanta tana kan mita 1,600. Estes Park wajen 2,300. Ƙololuwar Trail Ridge mita 3,713, kuma mota za ta kai ka can daga Estes Park cikin awa guda, jikinka bai samu damar sabawa ba. Daga wajen mita 2,500 zuwa sama iska takan yi wa mutum kaɗan. Za ka ji kai yana sarawa, zuciya tana tashi, ka taka matakala goma ka tsaya kana haki kamar ka yi tsere, da dare barci ya ƙi zuwa. Ciwon tsayin nan ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Saurayi mai buga ƙwallo zai iya kwantawa, dattijo yana tafe lafiya lau. Dabarar ita ce hawa a hankali: kwana ɗaya a Denver, kwana ɗaya a Estes Park, sannan ka hau sama. Sha ruwa sosai. Idan ciwon ya ƙi sauƙi, ko mutum ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, a sauko da shi nan take, kada a ce bari a ga gobe. Ku sa ido kan ƙananan yara, tunda ba za su iya cewa kansu ke ciwo ba, sai dai rigima da ƙin abinci.

Sai sikila. A cikinmu masu AS suna da yawa, kuma da yawansu ba su taɓa jin komai a jikinsu ba, wasu ma tun gwajin aure ba su sake tuna maganar ba. A kan tsauni kuwa, ƙarancin iska da ƙishirwa da wahalar tafiya suna iya sa jinin mai AS ya toshe a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗa. Ba kowa yake samu ba, amma idan ya zo ba na shan maganin ciwon jiki a kwanta ba ne, na asibiti ne. Idan kun isa, ka faɗi cewa kai mai AS ne da bakinka, kada ka jira a tambaye ka. Mai SS ko SC kuwa, kada a sa ranar tafiya sai ya zauna da likitansa. Haka mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko asma.

Ita ma motar tana jin tsayin. Wajen hawa za ka taka totur ka ji ta yi nauyi, wannan ba lalacewa ba ce. Haɗarin yana wajen gangarowa. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titi yakan ɗora ƙafa a birki ya bar ta tun daga sama har ƙasa. Birkin ya yi zafi, ka fara jin ƙauri kamar na ƙonanniyar roba, sannan ka taka ka ji ya yi laushi yana nutsewa. Kafin a kai nan, sauke giya. Ko otomatik ce tana da L ko 2 ko M. Nemo shi tun kana wurin haya, ba sai kana bakin kwazazzabo ba. Bari injin ya riƙe motar, birki kuma ka taka ka saki. Idan ka ji ƙaurin, ka faka inda aka tanada, ka bar shi ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa. Idan ka ga motoci sun yi layi a bayanka, ka ratse ka ba su hanya, haka ake yi a nan kuma ba wanda zai raina ka. A Glacier motar da ta wuce ƙafa 21 a tsayi ba a barin ta ta bi tsakiyar Going-to-the-Sun, don haka kada kwaɗayin babbar motar kwana ya ja ka.

Wajen haya, tambayi abu uku: ko akwai iyakar mil, nawa ne idan ka ajiye motar a wani gari daban, kuma me inshorar ta ɗauka. Wanda bai kai shekara 25 ba akwai ƙarin kuɗi a kansa. Mai kuwa, da tanki ya kai rabi ka cika, domin a Wayomin za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga gidan mai ba.

Kuɗin shiga a waɗannan gandaye dala 35 ne kowace mota, na kwana bakwai. Akwai katin shekara mai suna America the Beautiful da ke buɗe maka dukkansu. Daga farkon 2026 an raba farashinsa: dala 80 ga ɗan ƙasa da mazauni, dala 250 ga wanda ba mazauni ba. A gandaye 11 da suka fi cika, har da waɗannan huɗun, baƙon da ba mazauni ba kuma ba shi da katin yana biyan ƙarin dala 100 a kansa, in ya kai shekara 16. Saboda haka ka riƙe lasisin tuƙi na jiharka ko katinka na zama, kuma idan Hajiya ko Baba sun zo ziyara za ka kai su, ka yi lissafin nan tun a gida. Ƙofofi da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Wasu gandayen kuma, irin su Rocky Mountain, suna neman ka kama lokacin shiga tun kafin ranar a shafin Recreation.gov. Wannan doka takan canza daga shekara zuwa shekara, sai ka duba shafin gandun kansa. Wurin kafa tanti ma a can ake kama mafi yawansa, galibi wata shida kafin lokaci, kuma wurare masu kyau da wuri suke ƙarewa. Kwana cikin mota a gefen titi ko wurin fakin a cikin gandu haramun ne, za a ƙwanƙwasa maka gilashi da tsakar dare.

Kada ranar Yuli ta yaudare ka. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri shida a ma'aunin Celsius. Ka baro Estes Park da 'yar shimi, ka isa sama iska tana yankan kunne. Ɗauki kaya masu hawa-hawa da za ka iya ƙarawa ko ragewa, da rigar ruwa, da takalmi mai kama ƙasa. Auduga idan ta jiƙe ba ta bushewa da wuri, sai ta riƙe sanyi a jiki. Rana a can sama tana ƙuna har ga baƙar fata, leɓe ya tsage. Da bazara kuma hadari yakan haɗu bayan azahar ba sallama, aradu tana sauka a wuraren da ba bishiya. Shi ya sa masu hawa suke fita da asuba, kafin tsakar rana sun fara saukowa. Sammakon yana da wata riba: wurin fakin na Logan Pass da na tafkin Bear Lake a Rocky Mountain tun da sassafe suke cika.

Dabbobi kuwa doka a bayyane take. A Yellowstone da Grand Teton, tsakaninka da beyar ko kyarkeci mita 91, tsakaninka da ɓauna da sauran manyan namun daji mita 23. Ɓaunar nan idan tana kiwo sai ka ɗauka sanuwar Fulani ce da za ka daka wa tsawa ta matsa. Namijinta yana kai kilo 900, ya fi ka gudu nesa ba kusa ba, kuma a Yellowstone ba dabbar da ta kai ta jikkata mutane, akasari masu matsowa ɗaukar hoto. Idan za ka shiga daji da ƙafa, sayi feshin barkonon korar beyar, ka rataye shi a ƙugu inda hannu zai kai, ba cikin jaka ba. Ba a shiga jirgi da shi ko a cikin akwati, sai ka saya a can. Ku yi tafiya a ƙungiya kuna hira da ƙarfi. Wannan kam ba sai an koya mana ba. A sansani, duk abin da ke da ƙamshi yana shiga akwatin ƙarfen da aka ajiye ko cikin mota a rufe: abinci, tukunya, man goge baki, man shafawa, har da kwalbar turarenka. Kada ko biskit ya kwana a tanti.

Maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone ma haka. Wadda ake kira Old Faithful tana feshi kusan duk awa ɗaya da rabi, ruwan wasu tafkunan shuɗi ne shar kamar ka tsoma hannu. Ƙasar da ke gefensu ɓawo ce kawai, tafasasshen ruwa na ƙarƙashi, kuma sama da mutum 20 sun rasu ta haka. Ka tsaya kan katakon da aka shimfiɗa, hannun yaro a cikin naka.

Ga mai neman halal, ka yi guzurinka tun daga birni. A Aurora, gefen Denver, akwai shagunan halal da na 'yan Afirka. Da ka wuce nan sai dai kifi da ƙwai da kayan gwangwani. In za ka yi girki, ka sani a tsayin Yellowstone ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92, shinkafa takan daɗe, wake kuwa gara ka sayi dafaffe. Ruwan rafi komai kyansa kada ka sha sai ka tafasa ko ka tace. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, kuma a Glacier ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, ga asuba da wuri, don haka sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli zai yi maka amfani. Ka shimfiɗa darduma a wurin hutawa ko gefen tanti, ba a bakin titi ba.

Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a mafi yawan wuraren nan. Sauke taswira a wayarka tun kana da intanet, karɓi ta takarda da ake bayarwa a ƙofa, kuma ka gaya wa wani a gari inda za ka kwana da ranar da za ka fito. Jami'an gandu na gwamnatin tarayya ne, wasunsu da bindiga da ikon kamu. Idan sun tsayar da kai, zauna cikin mota, hannu a kan sitiyari, har su iso. Tsinkar fure, ɗaukar dutse ko ƙahon da ka tsinta, ba dabba abinci, tayar da jirgi marar matuƙi don hoto, duk laifi ne mai tara, kuma sabon zuwa mai takardu a gaban hukuma ba ya son sunansa a kotun tarayya.

Ga masu zuwa Glacier: gandun ya jingina da Kanada, yana haɗe da gandun Waterton Lakes na can tun 1932, kuma hanyar Chief Mountain kai tsaye take kai ka kan iyaka. Za ka ji wasu suna cewa a tsallaka a sha shayi a dawo. Mai fasfon Amurka ne ke wannan magana. Idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ko kana jiran hukunci kan neman mafaka ko canjin takardu, fita ɗaya tana iya hana ka dawowa ko ta rushe abin da ka nema. Riƙe takardunka na zama a jikinka ko da ba ka da niyyar tsallakawa, domin jami'an kan iyaka suna sintiri a yankin, kuma da ka ga allon da ke nuna iyaka ta kusa, ka nemi wurin juyawa.