Yadda za ka koyi tsayar da mutum idan za ka ɗauke shi hoto

Yawancin mutanen da za su tsaya gaban kyamararka ba su san yadda za su yi da jikinsu ba, kana ɗaga kyamara sai ka ga mutum ya sandare kamar an dasa shi, hannu a manne da jiki ga murmushin dole. Toh wannan fa ba laifinsa bane, kai mai ɗauka kai ne za ka nuna masa, kuma abu ne da ake koyo kamar yadda ka koyi saita haske.

Da farko ka fara da kanka. Tsaya gaban madubi ko minti 10 ne kullum, ko ka jingine waya ka sa taima ka dinga ɗaukar kanka. Duk tsayuwar da za ka sa wani ya yi ya zama jikinka ya taɓa yinta, saboda in ka ce masa "juya dama" rikicewa zai yi, damarka ko tasa? Amma in ka yi da jikinka ka ce "yi haka" nan take zai kwaikwaya, kuma ba sai ka taɓa shi ba. In ma ya kama ka gyara masa kwalar riga, nemi izini tukunna.

Sannan ka fara gyara daga ƙafa, ba daga fuska ba. Kar ya fuskance ka ɓaro-ɓaro irin na hoton fasfo, ya ɗan karkata jikinsa kamar digiri 45, ya ɗora nauyinsa a ƙafar baya, gwiwar gaba ta ɗan lanƙwasa. Da ya yi haka za ka ga kafaɗa da ƙugu sun saki da kansu. Masu sassaƙa na tsohuwar Girka da wannan tsayuwar suke sa dutse ya yi kamar mai rai tun kusan shekara 2,500 da suka wuce, har yau kuma tana aiki.

Hannu shi ne inda aka fi shan wahala wallahi, ni a ganina rabin aikin ma nan yake. Hannun da ba shi da abin yi shi ke tona asirin mutum a takure yake, don haka ba shi aiki: ɗaya a aljihu babban yatsa a waje, ko ya riƙe agogonsa kamar yana gyarawa, ko in mace ce ta dafa jaka, ko a jingina da bango. Ka tabbata akwai ɗan fili tsakanin damtse da jiki, don in aka matse damtse sai ya baje ya yi kauri fiye da yadda yake. Yatsu kuma a sake su, kar a dunƙule, gefen hannu ya kalli kyamara ba tafin ba. In a zaune yake ya matso bakin kujera ya miƙe baya, kar ya nutse ciki.

Sai haɓa. Ce masa ya ɗan turo goshinsa wajenka sannan ya sauke haɓa kaɗan, zai ji abin banbarakwai amma ta gaba layin muƙamuƙi fitowa yake tsaf, naman wuya ya ɓace. Mai tabarau kuma in haske na ƙyalli a gilashin, ya ɗan ɗaga sandunan daga kan kunne kaɗan.

Akwai doka ɗaya da in ka riƙe ta za ka iya ƙirƙiro sitayil da kanka: duk abin da ya fi kusa da kyamara shi zai fi girma. Shi yasa in ka matso dab da fuska hanci ke kumbura. Ja da baya kamar mita 2, ka yi amfani da lens (gilashin gaban kyamara) mai 50mm ko 85mm, in waya ce ka sa zum na 2x ko 3x, kyamarar tana daidai tsayin idonsa, fokas kuma, wato inda hoton zai fi fitowa tar, a kan idon da ya fi kusa da kai. Wajen yanka hoton kar ka yanke a kan gaɓa, wato gwiwa, wuyan hannu ko idon sawu, ka yanka a tsakiyar cinya ko ƙasan ƙirji.

Kuma dan Allah kar ka yi shiru. In ka ɓuya bayan kyamara kana ɓata rai kana duba allo, shi gani zai yi shi ne bai yi kyau ba. In tsayuwa ba ta yi ba kar ka ce "a'a", ɗauka kawai ka ce "yawwa, yanzu mu gwada wannan". Tambaye shi abin da yake so ka bar shi ya yi ta labari, ko ya kalli ƙasa ka ƙirga uku ya ɗago, sau da yawa hoton da za ka fi so a wannan ɗagowar yake. Da ka samu guda ɗaya mai kyau juya masa allon ya gani, daga nan za ka ga kafaɗunsa sun sauka, sai ka canza abu ɗaya tak, ko hannu ko inda yake kallo, ka sake ɗauka.