Yadda ake rubuta Attaura da hannu a kan fata

Wanda ya taɓa zama gefen malamin zaure a Tawa yana fiƙe alƙalami zai gane rabin aikin nan tun kafin a gaya masa. A wurin ibadarsu, Yahudawa ba sa karanta Attaura daga bugun inji, sai wadda gwanin rubutu, da suke kira sofer, ya rubuta da hannunsa.

Fata ake fara nema, ta dabbar da addininsu ya halatta, galibi maraƙi. A jiƙa ta a ruwan farar ƙasa har gashi ya saki, a ɗame ta a kan katako, a kankare. Tun wajen jima ake ƙulla niyyar cewa don Attaura ce. Sai a tsaga layuka da tsinke, ba da tawada ba, yawanci 42 a kowane shafi.

Tawadar baƙa ce ƙirin. Ana haɗa ta da ƙaro, da sinadarin ƙarfe, da wani ƙululun itace mai yin aikin da bagaruwa ke yi a nan. Ƙaro in ya yi yawa, harufa kan tsattsage su ɓare, balle a busasshen wuri irin namu lokacin hunturu. Alƙalamin kuwa gashin talotalo ne ko kara.

Ko marubucin ya haddace, ba ya rubutawa da ka. Ya dubi kwafin gabansa, ya furta kalma, sannan ya sa alƙalami. Harufa 304,805 ne, daga dama zuwa hagu kamar ajami, babu wasali. Aikin kan ci shekara ko fiye.

Kuskure ne abin tsoro. Harafi ɗaya ya ɓace, ko biyu su manne, ba a karanta wa jama'a littafin sai an gyara. Kalma ta yau da kullum ana kankare ta a sake. Sunan Ubangiji kam ba a gogewa. A cire fatar nan ɗungurungum, a adana ta har a binne. In aka yi shakkar wani harafi, sai a kira yaron da ya san baƙi amma bai san nassin ba, abin da ya karanta shi ne hukunci.

Daga nan a ɗinke fatun da jijiyar dabba, a naɗe a kan sanduna biyu. Mai karatu ba ya taɓa rubutun da yatsa, da ɗan sanda mai siffar hannu yake bi, ranakun Litinin, Alhamis da Asabar.