Yadda Ake Kula da Tsokar Bayan Cinya Idan Ta Yage a Filin Ƙwallo

Tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa. Shi ya sa tsokokin da ke motsa ƙasusuwanmu, su sama da 600, suke aikin karɓa-karɓa: na gaban cinya su miƙe gwiwa, uku na bayan cinya su lanƙwasa ta. Idan mai gudu ya wurga ƙafa gaba, na bayan nan ne ke taka mata birki alhali suna a miƙe, kuma a daidai wannan gaɓar zarurrukansu kan tsinke. Wanda ya faɗa fili da sanyin asubar Jos a watan Disamba ko Janairu bai ɗumama jiki ba, shi ya fi kusa da wannan.

Da farko ka bambance ɗaurewa da yagewa. Tsokar da ta ɗaure takan yi tauri kamar dutse, idan aka miƙe ƙafar a hankali sai ta saki cikin 'yan mintoci. Wadda ta yage kuwa zafinta farat ɗaya yake zuwa, kamar an jefe ka daga baya, kuma miƙewa ƙara shi take yi. In haka ne, wasan yau ya ƙare, fita daga fili.

Sai sanyi. Nemi ruwan leda mai ƙanƙara guda biyu, naɗe su a tawul ko tsohuwar riga, ka kwanta rub da ciki a ɗora maka minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, har kwana biyu zuwa uku. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye, tana ƙuna. A nan ne aka fi yin kuskure, domin mutumin da ke rawar ɗari a unguwannin Jos irin su Gangare ko Unguwar Rogo ba ƙanƙara yake son ji ba. Ruwan zafi zai nema a gasa masa, a murza man zafi. To, ƙananan jijiyoyin jini sun fashe a cikin tsokar. Zafi buɗe su yake yi, tausa kuma tana fama ciwon, sai jini ya ƙara taruwa, gari ya waye cinya ta yi suntum. Gashi da tausa suna da ranarsu, amma sai kumburi ya faɗa.

Ka naɗa bandeji mai roba daga saman gwiwa zuwa sama, ya kama amma yatsa ya iya shiga ƙarƙashinsa. In yatsun ƙafa sun fara sanyi ko mutuwa, sassauta. Idan ka kwanta, ɗora ƙafar kan filo biyu. Babba zai iya shan farasitamol, kada ya wuce giram 4 a yini.

Bayan kwana uku a fara tafiya da lanƙwasa gwiwa, iya inda ba zafi. Ƙaramar yagewa kan warke cikin 'yan makonni, babba sai an kwashe watanni. Kada ka koma wasa sai kana iya sheƙa gudu ba ka jin komai, domin tabon da ke haɗe zarurrukan bai kai tsoka juriya ba, wurin kan sake yagewa.

Idan an ji ƙara lokacin da abin ya faru, ko hannu na jin rami a tsokar, ko ƙafar ta ƙi takuwa, ko jini ya kwanta sosai ƙarƙashin fata, wannan ba na gida ba ne. A tafi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a duba ko jijiyar da ke riƙe tsokar ce ta ɓalle daga ƙashi.