Yadda na gyara kaset ɗin TS7700 da suka ƙi kwafuwa zuwa cibiya ta biyu

Kwana uku wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na gyara ACS routine na Management Class (rubutun dokokin da ke zaɓa wa kowane kaset ajinsa na kulawa, MC a taƙaice) a z/OS, manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutocin IBM, don kaset ɗin ajiya na dare su riƙa karɓar ajin MCDR, wanda na saita a TS7700, na'urar IBM mai ajiye bayanai a matsayin kaset, ya yi kwafi zuwa ɗaya cluster ɗin, wato TS7700 ɗin da ke cibiya ta biyu. Ayyuka na kammalawa lafiya lau, amma can ɗaya ɓangaren ko kaset guda bai isa ba.

Na fara zargin layin grid da ke haɗa cluster ɗin biyu, amma lafiyarsa ƙalau. Na sake duba saitin MCDR, Deferred (wato a yi kwafi bayan an gama rubuta kaset) na nan yadda na bar shi.

Sai da na buga umarnin D SMS,VOL, mai nuna bayanan kaset, a kan kaset ɗin daren jiya na ga tsohon suna zaune a gurbin MC. Ashe rubutun ACS routine ɗin kawai na gyara, ban yi Translate ba (fassara shi zuwa sigar da na'ura ke aiki da ita), na kunna SCDS, fayil ɗin da ke riƙe da saitin ajiya, da tsohuwar fassara a ciki.

Na shiga ISMF, shafin sarrafa saitin ajiya na z/OS, zaɓi na 7, na yi Translate zuwa SCDS ɗin, na gwada da Test har MCDR ya fito. Daga nan zaɓi na 8, Validate, sannan na kunna shi da umarnin SETSMS SCDS da sunan fayil ɗin.

Kaset ɗin kwana ukun nan kuwa ba sa gyaruwa da kansu. Kowanne sai da na sauya masa aji da umarnin LIBRARY LMPOLICY da MC=MCDR, na ɗora shi na sauke, sannan ya shiga layin kwafi.

Alhamdulillahi, kuma na gode wa abokin aikina da ya ce in duba bayanan kaset ɗin.